Ipnoz a gidan likita: yadda sakin jiki da magana ke rage zafi, da inda ƙarfinsu ya tsaya

A watan Afrilun 2014, a asibitin Henri-Mondor da ke Créteil, kusa da birnin Paris, likitoci sun cire wa wata mawaƙiya ƴar ƙasar Gine, Alama Kanté, wani ƙari a maƙogwaro. Aikin yana da haɗari ga duk mai cin abinci da muryarsa, domin jijiyar da ke motsa murya tana bi ta daidai inda wuƙa za ta shiga. Sai tawagar Farfesa Gilles Dhonneur ta ƙi sa ta barci. Aka yi mata allurar kashe wurin kawai, wata ƙwararriya ta zauna kusa da kanta tana yi mata magana a hankali, har mawaƙiyar ta ji kamar ba ta cikin ɗakin fiɗa, tana can ƙasar Senegal. Da aka zo wurin da ake tsoro, ta kama waƙa. Muddin muryarta na fita daidai, likita ya san bai taɓa jijiyar ba.

Wannan hanya ita ce Faransawa ke kira ipnoz. Masu kallon tashoshin Faransa sun fi sanin ta a wurin wasa, inda ɗan ƙasar Kanada nan, Messmer, ke ƙyasta yatsa mutane su zube kamar an yanke musu igiya. A titunan Maraɗi ko Damagaram kuwa, in aka ce an yi wa wani ipnoz, ana nufin ɗan damfara ya dafa shi ya miƙa kuɗinsa bai sani ba. Abin da ake yi a gidan likita bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Yana tafiya sannu, ba shi da ban mamaki ga mai kallo, kuma galibi yana farawa ne da abu mafi sauƙi: a koya wa majinyaci ya saki jikinsa.

Ba barci ba ne, ko da yake sunan ya ce haka

Kalmar ta samo asali daga sunan barci a harshen Girka. Wanda ya yaɗa ta shi ne James Braid, likitan fiɗa ɗan Sikotilan da ke aiki a Manchester, wanda ya buga littafinsa a 1843. Kafin shi an daɗe ana rikici kan Franz Anton Mesmer, mutumin da ya cika Paris da da'awar wai akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke fita daga hannunsa yana warkar da mutane. A 1784 sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin masana, cikinsu har da Benjamin Franklin da Lavoisier. Suka rufe wa mutane ido suka gwada, suka tarar wanda bai san ana yi masa aikin ba babu abin da yake ji, wanda kuma aka gaya masa ana yi alhali ba a yi, shi ne ke zabura. Hukuncinsu shi ne babu wani maganaɗisu, zato ne na majinyacin. Sun yi gaskiya, sai dai sun wuce tambayar da ta fi muhimmanci: in zato kaɗai na iya yi wa jiki haka, me zai hana a sa shi aikin magani?

Braid ya lura ba ya bukatar shafa kowa. Ya isa ya sa mutum ya kafa ido kan wani abu mai ƙyalli har fatar ido ta gaji. Daga baya shi da kansa ya gane ba barci ake yi ba, hankali ne ke tattaruwa wuri guda, amma sunan ya riga ya bi duniya. A Faransa an ci gaba da jayayya a shekarun 1880 tsakanin Charcot na asibitin Salpêtrière, wanda ke ganin abin alamar cuta ce, da Hippolyte Bernheim na birnin Nancy, wanda ya ce hali ne na kowane mai lafiya, kuma tushensa karɓar magana. Tarihi ya ba Bernheim gaskiya.

Yanayin da ake nema, wanda ake kira tarans da Faransanci, Hausa tana da kalmar da ta kusa kama shi: lulawa. Kowa ya san mutumin da ya lula. Direban da ya taso daga Ƙonni ya iske kansa a Dogon Dutsi bai tuna garuruwan da ya ratsa ba, alhali bai saki hanya ba. Yaron da ke sauraron tatsuniya ana kiran sunansa sau uku bai ji ba. Ɗan kokowa da sai bayan an tashi yake ganin jini a gwiwarsa. A duk waɗannan hankali ya taru a wuri ɗaya, sauran abubuwa sun ja baya. Aikin mai ipnoz shi ne ya kai mutum wannan hali da gangan, ya riƙe shi a ciki na ɗan lokaci, ya kuma yi amfani da shi.

Kalmar tarans ɗin tana jawo ruɗani, domin da ita masu bincike na Faransa suka fassara hawan bori. Amma a bori ana cewa wani ne ya hau mutum, ana kiran sa da goge da ƙwarya, shi ke magana da bakin dokinsa. A ɗakin likita babu wanda ake kira. Majinyaci yana jin abin da ake faɗa, yana iya amsawa, yana iya buɗe ido ya ce a tsaya, kuma mafi yawan mutane suna tuna duk abin da ya gudana. Larabci ma ya gaji tsohon kuskuren Mesmer, tunda har yau sunan da ake ba abin ya haɗa sa barci da maganaɗisu. Akwai fatawar malaman Saudiyya da ta haramta shi, bisa siffanta shi da amfani da aljani don ba da labarin ɓoye, akwai kuma malaman da suka bambanta wancan da abin da likitoci ke yi. Mai son yin tambaya, ya kamata ya kai wa malaminsa ainihin siffar aikin, ba sunan kawai ba.

Yadda zaman ke tafiya

Aikin yana farawa tun kafin a rufe ido. Likita yana zama da majinyaci ya tambaye shi abin da yake tsoro, abin da ya ji ana faɗa game da ipnoz, da kuma wani wuri ko wani lokaci na rayuwarsa da yake jin daɗin tunawa. Wannan hira ita ce rabin aikin. Wanda ya shigo yana jin za a ƙwace masa hankali ko a tona masa asiri ba zai saki jiki ba, kuma ba a iya tilasta shi. A nan ne ake shirya alamar da zai yi in ya ji abin da bai yi masa ba, kamar ɗaga yatsa ko ɓata fuska.

Daga nan a zaunar da shi ko a kwantar da shi yadda babu gaɓar da ke ɗauke da nauyi. A ce ya zaɓi wani ɗigo a bango ko a rufin ɗaki ya tsura masa ido. Ido da aka kafa wuri guda dole ya gaji, ya yi ƙwalla, ya so rufewa. Likita ya san haka, sai ya riƙa faɗin abin da ke faruwa daidai lokacin da yake faruwa: fatar ido ta fara nauyi, ana ƙifta ido, numfashi na shiga yana fita. Dabarar tana nan. Majinyaci ya ji an faɗi abu uku ko huɗu da yake ji da gaske a jikinsa, sai ya fi yarda da na biyar, wanda bai riga ya faru ba, misali cewa kafaɗunsa za su fara sauka.

Numfashi shi ne na biyu. Ana ja a hankali, ana fitarwa a hankali fiye da yadda aka ja. Wannan ba tsafi ba ne: lokacin fitar da numfashi bugun zuciya yana ɗan raguwa, kuma in aka tsawaita shi, ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki yana rinjayar wanda ke shirya shi gudu ko faɗa. Ƙwararre yakan daidaita maganarsa da ƙirjin majinyaci, ya yi magana lokacin da iska ke fita, ya yi shiru lokacin da take shiga, yana rage sauri kaɗan-kaɗan har majinyacin ya bi shi bai lura ba.

Sai a bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, daga yatsun ƙafa zuwa ƙwauri, cinya, ciki, hannuwa, wuya, muƙamuƙi, goshi. Wasu suna sa a ɗaure gaɓar tukuna sannan a sake ta, don mutum ya ji bambancin. Wannan salo na Edmund Jacobson ne, likitan Amurka da ya wallafa shi a 1929. Wasu kuma suna bin hanyar Bajamushen nan Johannes Schultz ta 1932, inda ake maimaita wa kai cewa hannu ya yi nauyi, hannu ya yi ɗumi. Mutane da yawa sai a wannan mataki suke gane cewa sun yini haƙoransu a cije.

Ga irin yadda maganar ke fita, in da likita zai yi wa dattijuwa da Hausa: “Hajiya, ki bar hannun nan ya huta a kan gado, gadon ya ɗauke shi. Ba sai kin yi komai ba. Ƙarar da kike ji a waje, ki bar ta a waje. Duk numfashin da ya fita, kafaɗa na ƙara sauka.” Babu umarni mai tsawa, babu alkawarin abin mamaki. Wannan salon lallashi, na ba mutum zaɓi maimakon ba shi oda, an fi danganta shi da Milton Erickson, likitan ƙwaƙwalwa na Amurka da ya rasu a 1980, wanda shan inna ya kwantar yana ɗan shekara 17, kuma yawancin makarantun da ke koyar da ipnoz a Faransa da Beljiyam tafarkinsa suke bi.

In jiki ya lafa sai a zurfafa. A ƙirga daga goma zuwa ɗaya, ko a ce mutum ya ga kansa yana sauka matakala, har ya isa wurin nan da ya ambata a hira. Can ake so ya zauna, kuma ana cika masa wurin da tambayoyi marasa bukatar amsa: wane haske ne, wane ƙamshi, me ke ƙarƙashin ƙafa, muryar wa ake ji. Mai lura zai ga alamu. Fuska ta saki, haɗiyar yawu ta ragu, fatar ido na ɗan rawa, amsa na zuwa a makare. Majinyaci kuma sau da yawa yakan ɗauka minti goma aka yi alhali an kusa awa.

Sai a wannan lokaci ake shigo da maganar magani, wato abin da ake so a kitsa wa zuciya. A ce hannu ya yi sanyi ya mutu kamar an sa shi cikin ruwan randa, sannan a kai wannan sanyi wurin da ke ciwo. Ko a ce zafin kamar rediyo ne, ana iya rage masa murya. Ko a ce taɓawar da za a ji a wuya matsi ne kawai, yana can nesa. A ƙarshe a ƙirga daga ɗaya zuwa biyar, a ce ya ja dogon numfashi, ya motsa yatsu, ya buɗe ido. Ba a taɓa samun wanda ya maƙale a ciki ba. In likita ya yi shiru ya fita, mutum zai buɗe ido da kansa, ko ya zarce barci na gaske ya farka.

Akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya wa ma'aikacin lafiya na Tawa ba. Misalansu cike suke da bakin teku, da ƙanƙara, da ɗumin wuta a ɗaki lokacin hunturu. Ga Bature ɗumi shi ne jin daɗi. Ga Bahaushe sauƙi sanyi ne: rai ya yi sanyi, zuciya ta yi sanyi, ciwo ya lafa an ji sanyi. Wanda ya fassara takardar Faransanci kalma da kalma ya ce wa mai jinya a watan Afrilu ya ji ɗumi na ratsa jikinsa, ya ɓata aikin da kansa. Inuwar gawo, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, iskar asuba a tsakar gida, waɗannan ne za su yi aiki, kuma mafi kyau shi ne wanda majinyacin ya kawo da bakinsa.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Zafi ba saƙo ɗaya ba ne. Akwai sanin inda ciwon yake da ƙarfinsa, akwai kuma damuwar da yake jawowa, kuma ba wuri ɗaya ke kula da su a ƙwaƙwalwa ba. A 1997 Pierre Rainville da abokan aikinsa a Montréal sun nuna haka a wani bincike da mujallar Science ta buga. Sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai zafin digiri 47, suna ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu. Da aka kitsa musu cikin ipnoz cewa zafin ba zai dame su ba, aikin sashen da ke kula da damuwar zafi ya ragu, yayin da sashen da ke karɓar saƙon fata bai sauya ba. Ruwan bai huce ba, hannun na ji, amma abin bai kai ga rai kamar da ba.

Tsoro kuma yana ƙara wa zafi ƙarfi. Mai tsoro yana ɗaure tsoka, yana riƙe numfashi, yana sa ido kan allura tun kafin ta iso. Sakin jiki yana yanke wannan zagaye. Shi ya sa ya zama ƙofar da aka fi bi a asibiti, inda kusan kowa ke shigowa a tsorace.

Amma ƙofa ce kawai, ba ita ce ɗakin ba. A 1976, a jami'ar Stanford, Éva Bányai da Ernest Hilgard sun sa mutane tuƙa keken motsa jiki, ido buɗe, ana gaya musu suna ƙara kuzari, kuma suka karɓi magana kamar waɗanda aka kwantar. Ke nan abin da ke aiki shi ne tattara hankali da yarda da abin da ake faɗa. Wannan yana da amfani a sani, domin akwai waɗanda sakin jiki ke tayar wa hankali. Wanda ya tsira daga hari ko wata azaba, in aka ce ya rufe ido ya saki jiki a gaban baƙo, zai iya jin firgici maimakon natsuwa. Irin wannan ana barin sa da ido buɗe, ko a bi wata hanya.

Mutane kuma ba ɗaya suke ba. Ma'aunin da aka tsara a Stanford tun 1959 ya nuna kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke lulawa sosai cikin sauƙi, kusan adadin haka kuma da ƙyar suke motsawa, sauran na tsakiya. Wannan ba shi da alaƙa da raunin hankali ko ƙarancin ilimi. Masu wasa a talabijin sun san lissafin nan sarai: suna gwada ɗaruruwan ƴan kallo, su tsamo ƴan kaɗan da suka fi karɓa kuma suke son a gan su. Beljiyam, ƙasar da ta fi shahara da ipnoz na asibiti, tana da doka tun 1892 da ta hana nuna shi a matsayin wasa.

Inda aka auna aka ga amfani

A asibitin jami'ar Liège ne likitar sa barci Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa ipnoz da aikin fiɗa a 1992. Tsarinta ƙafa uku gare shi: lulawa ta hanyar sakin jiki da tuna wani lokaci mai daɗi, allurar kashe wurin da za a yanka, da ɗan ƙaramin maganin kwantar da hankali da rage zafi ta jijiya. Tsakanin 1994 da 1997 an yi wa mutum 218 aikin wuya ta wannan hanya, mafi yawansu aikin maƙoƙo, kuma biyu ne kawai aka koma aka sa su cikakken barci. Tun daga lokacin an yi wa dubbai a can. A Janairun 2009 sarauniya Fabiola ta Beljiyam, tana da shekara 80, ta bi wannan hanya aka yi mata aikin maƙogwaro a Liège.

A Amurka, Elvira Lang ta raba majinyata 241 da za a zura wa bututu a jijiyar jini ko a ƙoda zuwa gida uku, kuma mujallar The Lancet ta buga sakamakon a 2000. Waɗanda aka bi da su ta sakin jiki da ipnoz sun nemi kusan rabin maganin da waɗanda aka yi wa aikin yadda aka saba suka nema, kuma aikinsu ya ɗauki minti 61 a madadin 78. A 2007, a New York, Guy Montgomery ya gwada mata 200 da za a yi wa fiɗa a nono. Zaman minti 15 kafin shiga ɗakin fiɗa ya rage musu zafi, tashin zuciya da gajiya bayan aiki.

Wani fannin shi ne ciwon hanjin nan da likitoci ke kira kolopati, mai kumburin ciki da murɗa, yau gudawa gobe taurin bayan gida, alhali gwaji bai nuna rauni ba. Peter Whorwell na Manchester ya fara nuna amfanin ipnoz a kansa a 1984 da majinyata 30. A 2008 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta amince a gwada shi ga wanda ya shekara yana shan magani bai samu sauƙi ba. A nan ba zama ɗaya ake yi ba. Ana kai wa bakwai zuwa goma sha biyu, kuma majinyaci na maimaitawa a gida kullum.

Ba ko'ina aka yi nasara ba. A Ingila an koya wa masu ciki yin ipnoz da kansu a wani gwaji na mata 680 da aka buga a 2015, amma bai rage yawan masu neman allurar baya lokacin naƙuda ba. A Faransa wani gwaji na mata 150 da aka buga a 2018 bai ga raguwar zafi ba ga waɗanda aka yi wa ɗan gajeren ipnoz kafin a sa su cikakken barci. Cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, da ta tattara binciken da ake da shi a rahotonta na 2015, ta ce hujja ta fi ƙarfi a wurin fiɗa da kolopati, ba ta kuma isa ba a kan barin taba. To barin taba da rage ƙiba su ne abin da masu talla a Facebook da TikTok suka fi sayarwa.

Hannun da ya kamata ya riƙe ta

Rahoton na Inserm bai tarar da wata mummunar illa a gwaje-gwajen da ya duba ba, amma ya ja hankali kan masu yin aikin. A Faransa kanta sunan mai magani da ipnoz ba shi da kariyar doka. Akwai dipulom na jami'a da ake ba ma'aikatan lafiya, na farko an buɗe shi a Pitié-Salpêtrière a 2001, akwai kuma takardar da kowa zai iya saya bayan horon ƴan kwanaki ta intanet. Dukansu suna iya rataye allo iri ɗaya a ƙofa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitoci ke maimaitawa ita ce kada mutum ya yi maganin wata cuta da ipnoz sai in ya cancanci yin maganinta ba tare da ipnoz ba. Likitan haƙori ya tsaya ga haƙori, sashfam ta tsaya ga haihuwa.

Dalilin a fili yake. Zafi sau da yawa ɗan aike ne. Ciwon cikin da aka lallashe da magana zai iya zama hanji ne ke shirin fashewa, ciwon kan da aka rage wa murya zai iya zama tansiyo ne ko sanƙarau. Ipnoz ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta narkar da ƙari, ba ta sauke sukari. Duk wanda ya ce a ajiye ordonansi saboda ita, ya fita daga aikin lafiya. Haka kuma ba a yin ta ga mai taɓin hankali irin wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, sai dai a hannun likitan ƙwaƙwalwa.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Ana yawan cewa ipnoz na tono abin da mutum ya manta. Abin da bincike ya nuna shi ne tana ƙara wa mutum tabbaci kan abin da ya tuna, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta faɗi haka tun 1985. Mai lulawa yana karɓar magana cikin sauƙi, don haka tambaya mai jan hankali, irin ta wane ne ya yi maka wannan abu kana yaro, na iya dasa labarin da bai taɓa faruwa ba. A Amurka an raba iyalai da dama ta haka a shekarun 1980 da 1990. A wurin da zargin sammu ko maita ke iya raba zumunci cikin yini ɗaya, ba sai an faɗi abin da irin wannan tambaya za ta haifar ba. Batun ɗan damfarar kasuwa kuwa, babu wata hujja da ta nuna ana iya lular da baƙo da dafa kafaɗa har ya miƙa dukiyarsa ba da sonsa ba. Abin da aka sani shi ne saurin baki, ruɗarwa, tsoratarwa, wani lokaci da ƙwaya.

Ga ƙasa kamar Nijar, inda likitocin sa barci ba su da yawa kuma akasarinsu na manyan birane, za a iya ɗauka cewa ga hanyar fiɗa mai arha ta samu. Ba haka ba ne. A Liège majinyaci yana zuwa da azumin abinci kamar kowa, ana sa masa ruwa a jijiya, na'urori na bin bugun zuciyarsa, kuma likitan sa barci yana zaune a kansa daga farko har ƙarshe da kayan cikakken barci a shirye. Hanyar tana cin lokacin ƙwararre fiye da allura. An ma taɓa gwada ta ita kaɗai: James Esdaile ya yi ɗaruruwan ayyuka a Indiya daga 1845 da hanyar Mesmer, amma da maganin sa barci ya bayyana a 1846 da 1847 likitoci suka koma gare shi, domin shi yana kama kowa.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙananan ayyukan yau da kullum da ake yi wa mutum ido biyu: wankin ƙuna, ɗinkin rauni, cire haƙori, neman jijiya a hannun yaro. A nan anfirmiye da ya samu horo zai iya amfani da numfashi, da murya, da jan hankali zuwa wani wuri cikin minti biyu ko uku. Wani binciken Elvira Lang na 2005, wanda ya saurari abin da ma'aikata ke faɗa wa majinyata lokacin aiki, ya tarar cewa gargaɗi da kalmomin zafi, irin su za ki ji suka ko zai yi ƙuna, yana ƙara zafin da tsoron da mutum ke ji. Shi ya sa a horon ipnoz ake koya wa ma'aikaci ya daina cewa kar ki ji tsoro, ba zafi, tunda kunne tsoro da zafi yake kamawa. Sai ya faɗi abin da zai yi ba tare da ƙarya ba, ya ce ga maganin da zai sa wurin ya yi sanyi, ya roƙi majinyaciyar ta fitar da numfashi a hankali, sannan ya tambaye ta sunan garinsu da abin da ake shukawa a can.